Hoton Inna a Ƙarƙashin Fenti

Kafinta ne ya fara ganewa, don shi idon mai katako bayan abu yake fara dubawa kafin gabansa.

Da hantsi ya shigo ɗakin zanen, rungume da firam ɗin hoto da ya gama gyarawa. Sai da ya yi sallama sau biyu sannan Auta ta amsa, ita ma ba ta waiwayo ba. Ba raini ba ne, haka Allah ya yi ta. In dai buroshi na hannunta, ko gobara ta tashi a maƙwabta sai ta ƙarasa layin da ta ɗauko. Shekara biyu ke nan yana neman aurenta, ya riga ya saba hira da ƙeyar ɗankwalinta.

Ya ce ya zo ɗaukar hoton Inna ne, ko an wanke ko ba a wanke ba.

Inna mahaifiyarsa ce, ta rasu yana ɗan shekara huɗu. Hotunanta na kati duk ruwa ya cinye su shekarar da iska ta yaye rufin tsohon gidansu. Abin da ya tsira zane ɗaya ne, wanda wani mai zane ya yi mata tana amarya. Shi Baba ya rataye a bangon da ke kallon gadonsa, hayaƙi da ƙura suka yi ta hawa kansa shekara da shekaru har fuskar ta koma inuwa. Kafinta ne ya roƙi Baba ya bari a kai wa Auta ta wanke shi, kuma da manufarsa. So yake mutanen gidansu su ga aikin hannunta, su daina yi mata kallon mai wasa da fenti. Musamman Yaya Babba, wadda ta goya shi bayan rasuwar Inna, wadda kuma ta rantse ƙaninta ba zai auri yarinyar da ba ta san yau wace rana ba. Ita tana da 'yar ƙawarta a hannu, ma'aikaciyar jinya mai natsuwa, wadda ke zuwa ta gwada wa Baba jini ba tare da an kira ta ba.

Sati shida ke nan da ya kawo hoton. Sau biyu ya tambaya, sau biyu Auta ta ce yana nan, bari dai ta fita daga hidimar baje koli.

Ta ajiye buroshi ta tambayi Barkono ina suka sa shi. Barkono ƙawarta ce tun suna makarantar koyon zane, tare suka kama ɗakin nan shekara bakwai da suka wuce, kuma ba a banza aka sa mata sunan ba. Ta ɗago daga kan kwanon da take dama fenti ta ce ita ba ta ga Innar kowa ba, ba a kuma ba ta ajiya ba.

Suka hau nema. Ƙarƙashin teburi, saman kabad, bayan ƙofa, cikin allunan da aka jera a kan kanta. Auta tana nema tana 'yar dariya, tana cewa hoto ai ba shi da ƙafa. Kafinta bai yi dariya ba. Ya zagaya bayan sandar nan mai ƙafa uku da babban zanenta ke kai, ya tsaya cak. Ya kai hannu ya shafa kusurwar katakon ta ƙasa, inda shi da kansa ya sa gam ya haɗa wata tsohuwar tsagewa. Sama kaɗan, a bayan ƙyallen, ga rubutun Baba da tawadar da ta koɗe, ranar da aka yi zanen.

"Auta," ya ce a hankali. "Zo ki gani."

Ta zo ta gani, ashe hoton Inna ne.

Ga yadda abin ya faru, kuma duk wanda ya san sana'o'in nan biyu ba zai yi mamaki ba. Sabon ƙyallen zane tsada gare shi, don haka su Auta tsofaffin zane-zane suke saye a gwanjo, irin na ofisoshin da aka rufe da gidajen da aka tashi, su shafe su da farin fenti su yi sabon aiki a kai. Ƙa'idar ɗakin tun ranar farko ita ce, duk allon da aka juya fuskarsa ga bango ya mutu, Barkono ta shafe shi ba sai ta tambaya ba. Shi kuwa kafinta, ko a ina yake, abin da yake ji da shi ne yake juyawa bango, madubi ne ko ƙofar da ta sha fenti, don kar wani abu ya karce shi. Ranar da ya kawo Inna ya riga ya cire ta daga firam. Auta ta ce ya jingina can. Ya duba ya ga fenti na fallatsa ta ko'ina, sai ya jingina ta a tsanake, fuska ga bango, kusa da allunan gwanjo. Washegari Barkono ta juyo ta, ta ga baƙin allo da wata inuwa a kai, ta yi mata fari tas har shafi biyu.

A kan wannan farin Auta ta yi zanen da ta fi so a rayuwarta.

Mata biyar ne a bakin titi suna jiran mota bayan an ɗauke ruwa, sun matsu a ƙarƙashin rumfa ɗaya, hasken yamma ya kwanta a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Shekara uku tana bin wannan hasken yana kuɓuce mata, a kan allon nan kaɗai ya yarda ya zauna. Ta sha faɗa wa Barkono cewa allon daban yake, launi na kama shi da ɗumi kamar akwai abin da ke riƙe shi daga ƙasa. Ashe akwai ɗin. Shi ne kuma zanen da Manaja, mai gidan baje koli, ya buga a jikin fasta ya manna ko'ina a gari. Jibi da safe motarsa za ta zo ɗauka.

Barkono ta zauna daɓas a kan bokitin fenti ta rufe baki da hannu biyu.

Ita kuwa Auta, da yake mai laifi ba ya rasa inda zai kama, sai bakinta ya suɓuce ta tambaye shi me ya sa bai faɗa mata inda ya ajiye ba.

"Na faɗa miki." Bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne. "Na ce ga Inna nan, na juya ta saboda fenti. Kika ce to. Na ce ki kula da ita, ita kaɗai gare mu. Kika ce to."

Ta tuna ta ce to. Abin da ya faɗa kafin nan ne ba ta tuna ba, ko kalma ɗaya, don a lokacin hankalinta na kan gefen mayafin mace ta uku a zanen gwajin da take yi a takarda. Kunya ta lulluɓe ta har ta kasa ɗaga ido.

Ya gaya mata cewa kullum in an kai wa Baba shayin safe sai ya dubi ƙusar da ke bango ya tambaya. Yaya Babba kuma ta ce in satin nan ya ƙare hoton bai dawo ba, da ƙafarta za ta zo.

"Ka yi min faɗa mana," ta ce, hawaye sun riga sun ɓalle mata. "Ka zage ni. Wannan sanyin naka ya fi min duka ciwo."

"Faɗan me zan yi miki? Ni na juya ta." Ya zagayo gaban zanen ya daɗe yana kallo. "Kuma ya yi kyau, Auta. Wallahi ban taɓa ganin kin yi kamarsa ba. Ba zan ce ki goge ba, bakina ba zai iya ba."

Ta kama gefen teburi tana kuka, tana cewa ya yafe mata.

"Ba hoton ne kaɗai ke damuna ba," ya ce. "Duk abin da Yaya ke faɗa a kanki ina ƙaryatawa, ina cewa ba ta san ki ba ne. Yau ban san me zan ce mata ba. Ina sonki, kin sani. Amma ina tsoron wata rana in shigo da ciwo a jikina, ko da ɗanmu a hannu, ki ce min in jingina can."

Ya ajiye firam ɗin a kan teburi, ya yi musu sai an jima, ya fita.

Sai da suka yi kuka mai isarsu, kowacce a kusurwarta, sannan ƙwaƙwalwar Barkono ta dawo aiki. Da farko ta ce za ta je gidan su Kafinta ta durƙusa a gaban Yaya Babba, ta ce ita ta shafe, a yanka ta in an ga dama. Auta ta ce ko an yanka ta fuskar ba za ta fito ba. Sai ta tambaye ta gaskiya, tunda ita ta fi sanin halin fenti, ko Inna za ta ciru. Barkono ta ce tsohon zanen na fentin mai ne, an kuma shafa masa man ƙyalli a kai, nasu kuwa na ruwa ne, bai kama shi da gaske ba. Da auduga da sifirit da haƙuri zai tashi. Amma ba a raba su, in Inna za ta fito matan nan biyar sai dai su tafi.

Daga nan ta matso da kujera ta rage murya, ta kawo shawarar da ta fi kowacce daɗi a kunne. Ai Kafinta ya taɓa turo hoton zanen a waya. Suna da tsofaffin alluna birjik. Auta mace ce da ke zana mutum daga gani ɗaya, ita kuma ta san yadda ake tsufar da zane da ruwan shayi da hayaƙi. Idon Baba ya yi rauni, Yaya Babba kuwa shekararta goma sha huɗu lokacin da Inna ta rasu, tun daga nan inuwa take gani. A yi wata Innar, a ce wanki ne ya fito da ita haka, kowa ya huta.

Ba za a ɓoye ba, Auta ba ta ce a'a ba. Ta buɗe wayar ta faɗaɗa hoton. Goshi ne da layin mayafi, sauran duk duhu. Ta ɗauki fensir ta fara, inda ba ta gani sai hannunta ya riƙa cikewa da kansa. Ya ɗauko hancin Kafinta, ya ɗauko girarsa, ya ɗauko yadda gefen bakinsa ke lanƙwasa in yana danne dariya, don su ta haddace. Cikin rabin awa wata kyakkyawar mace ta fito a takarda. Barkono ta leƙo ta ce shi ke nan, an gama.

Auta ta kalli matar. Fuskarsa za ta ɗauka ta sa wa mayafi, ta miƙa masa ta ce ga uwarsa, shi kuma ya yi ta kallo har ya tsufa. Ta yayyaga takardar ta zuba a kwandon shara.

Da la'asar sai ga Manaja, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Mutum ne mai fara'a da iya zance, wata shida ke nan yana bi ta wajen Umma, mahaifiyar Auta, yana nuna shi ma da gaske yake. Ya ga idanunsu sun kumbura ya tambaya, bakin Barkono kuma ba ya riƙe ruwa. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya jajanta sosai, har da girgiza kai. Sannan ya ce kar wannan ya dame ta, shi zai sa a yi wa dattijon sabon hoto babba mai firam na zinariya. Ya ce manyan masu zane za su zo daga nesa saboda matan nan biyar, irin wannan ƙofar sau ɗaya take buɗewa. Wanda ya san darajarta ba zai ma bari ta yi tunanin gogewa ba, mai baiwa irinta mai fahimtarta take buƙata, ba mai jiran ta dafa masa abinci a kan lokaci ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, a kan zanen dai bai yi ƙarya ba. Kuma tun kafin ta kai gida ya riga ya kira Umma.

A kicin ta same ta tana yanka albasa. Umma ba ta yi faɗa ba, ta ce ta zauna ta tsince mata shinkafa. Suna aiki tana magana, ba ta kallonta. Ta tuna mata yadda dangi suka yi mata caa lokacin da ta ce zane za ta karanta, yadda ita kaɗai ta tsaya mata, yadda ta riƙa wanke mata riguna masu fenti ta shanya su a bayan ɗaki don kar baƙi su gani su yi gulma.

"Shekara goma ina tare miki baki, Auta. Yanzu da Allah ya kawo ranar da zan ɗaga kai, sai ki ɗauki auduga ki goge? Saboda mutanen da ko kin goge ba sonki suke ba?"

"Ba duka ba, Umma. Shi yana sona."

"Yana sonki, ban musa ba, yaron kirki ne. Amma yayarsa ce uwarsa, kuma ta ce a'a. Ki goge zanenki, ta sake cewa a'a, kin tashi ba wan ba ƙanen." Ta share ido da bayan hannu ta ce albasa ce. "Ni dai ba zan yi miki dole ba. Amma ki sani, wanda zai so ki da buroshinki shi ne mijinki."

"Bai taɓa cewa in ajiye buroshi ba, Umma. Shi yake ɗaura min alluna. Cewa kawai ya yi in ji shi in yana magana, ban ji ba."

Umma ta karɓi farantin shinkafar ta ga rabin tsakuwar na nan, ta zauna ta sake tsincewa da kanta.

Rana na fitowa Auta ta buɗe ɗakin zanen. Ta jawo kujera gaban matan nan biyar ta zauna, ta kalle su ɗaya bayan ɗaya. Tana son zanen nan, so na gaske, irin wanda ba ta jin kunyar faɗa. Ta san ko ta shekara goma tana gwadawa ba lallai hasken ya sake yarda ba. Ta kuma san tana son mutumin da ya tsaya jiya yana yaba abin da ya binne masa uwa. Ba ta taɓa tsammanin za a wayi gari biyun nan su kasa zama a allo ɗaya ba.

Ƙofa ta buɗe, Barkono ta shigo da leda a hannu. Ta zazzage a kan teburi, kwalbar sifirit biyu, dunƙulen auduga, da tsinkayen da za a naɗa ta. Ta ce kar Auta ta kalle ta haka, har yanzu ra'ayinta shi ne wauta ce, amma ta san ta tun ba yau ba, gara a yi wautar da kayan aiki masu kyau.

Auta ta yi dariya da hawaye. Barkono ba ta taya ta ba. Ta zauna tana naɗa auduga a tsinke, ta ce tunda yau ranar tone-tone ce ita ma tana da nata.

"Kin tuna bara da aka kwantar da mahaifiyata a asibiti? Kwana tara. Na faɗa miki a nan, kina wancan zanen na kasuwa. Kika ce Allah ya sawwaƙe, za ki zo. Ranar da na dawo kika tambaye ni ina na shiga, farin fenti ya ƙare."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Na yafe tun a lokacin, don na san ba mugunta ba ce. Amma na yi kuka a banɗaki ranar. Ke ƙawata ce, kuma duk cikinmu babu mai hannunki. Sai dai mu da ke kewaye da ke mutane ne, Auta, ba hasken yamma ba. Ba ma jira shekara uku."

Auta ta taso ta rungume ta, suka daɗe a haka, Barkono tana cewa ta sake ta za ta ɓata mata riga alhali ita ce ta fi ƙanƙamewa. Daga nan suka fitar da zanen bakin ƙofa inda haske ya fi, Barkono ta ɗauke shi a waya ta kowane gefe. Auta ta tura wa Manaja saƙo cewa sauran zane goma sha ɗaya suna nan in yana so, wannan dai babu shi. Wayar ta fara ruri nan take, ta kife ta a kan kabad.

Suka kwantar da allon a teburi. Auta ta yi bisimilla ta tsoma auduga. Daga kusurwar sama ta fara, inda gajimare ke watsewa. Shuɗin ya narke ya hau audugar, farin da ke ƙasa ya yi laushi ya fara naɗewa, can sai wani launin ƙasa-ƙasa ya leƙo.

Aiki ne na tsanaki, faɗin ɗan yatsa a kowane shafi. In ta danna da yawa sai ta taɓa tsohon fenti, in ta sassauta farin ya ƙi tashi. Barkono na miƙo sabon tsinke tana karɓar tsoho. Rumfar ta tafi. Kan mace ta farko ya tafi. Da aka zo kan ta uku mai rawayan mayafi, Auta ta ajiye tsinke ta fita waje ta yi kukanta, ta wanke fuska a famfo ta dawo. Wani abin da ba su zata ba, fentin na tashi yana ɗauke tsohon hayaƙin tare da shi. Goshi ya fito fes, sannan gira. Wajen azahar idanu biyu suka buɗe a tsakiyar allon, manya, masu ɗan murmushi, kuma ko kusa ba su yi kama da waɗanda ta zana jiya a takarda ba.

A haka Kafinta ya same su. Da gudu-gudu ya shigo, ko sallamar kirki bai yi ba, yana cewa Yaya na tafe a bayansa. Sai idonsa ya sauka a kan teburi. Ya matso a hankali ya riƙe hannun Auta da tsinken a ciki.

"Me kika yi? Ban ce ki yi ba."

"Ba ka ce ba."

Ya gaya mata jiya ya zauna gaban Baba ya faɗi gaskiya, ya ce shi ya jawo, shi ya juya hoton. Baba ya ce a bar masa ƙusar a wurinta. Yaya kuwa ta ce maganar aure ta mutu, kuma yau sai ta ga idon yarinyar. Yana magana yana kallon idanun da ke kan allon.

"Ko kin gama wannan ba lallai ta sauko ba, Auta. Kar ki yi asara biyu."

"Ba don ta sauko nake yi ba. Naku ne, na binne muku, ina tonowa." Ta zare hannunta a hankali. "Ina jin ciwonsa, ba zan yi maka ƙarya ba. Kuma ba zan daina zane ba har in mutu. Amma ka dube ta. Ka taɓa ganinta haka?"

Ya girgiza kai. Tun da ya yi wayo inuwa ya sani. Ya sunkuya a kan teburin, ƙaton mutum mai kanta a tafin hannu, hawaye na ɗiga a kan katako, yana kaucewa kar su taɓa fentin.

Takun takalmi ya tsaya a bakin ƙofa. Yaya Babba ce, jaka a hammata, fuskar nan a murtuke, da gani ta jero maganganunta tun daga gida. Auta ta miƙe ta ce sannu da zuwa, Yaya. Ba ta amsa ba. Ta shigo tana duban ɗakin sama da ƙasa, gwangwanayen fenti, tsummoki, kofin shayin jiya. Ta buɗe baki za ta fara, sai ta kai ga teburin.

Daga sama goshi ne da idanu. Daga ƙasa har yanzu jiƙaƙƙiyar kwalta ce da ƙafafun mata biyar, da hasken da ya rage.

Yaya Babba ta daɗe a tsaye, jakar na zamewa daga hammatarta ba ta sani ba. Ta tambaya ko na ƙasan nan shi ne wanda take gani a jikin fasta a bakin titi. Auta ta ce shi ne. Ta tambaya wa ya sa ta. Auta ta ce ba kowa.

"Kar ki ɗauka wannan ya goge maganata."

"Ban ɗauka ba, Yaya."

"To tsayuwar me kike yi? Ki bar min ita rabi?"

Auta ta zauna ta karɓi sabon tsinke daga hannun Barkono. Ta gangaro ƙasan idon hagu, farin na naɗewa kaɗan-kaɗan, kunci na fitowa. Sai ga wani ɗan baƙin ɗigo ya maƙale ya ƙi tashi. Ta ƙara tsoma auduga ta kai hannu za ta murza.

Caraf Yaya Babba ta riƙe mata wuyan hannu.

"A hankali, yarinya. Ba datti ba ne, tawadar Allah ce." Hawaye suka gangaro mata ba ta share ba. "Ina ƙarama nan nake taɓawa in ina so ta dube ni."

Ba ta saki hannun nan da nan ba. Da ta saki, sai ta ajiye jakarta a kan bokitin fenti, ta ce wa ƙaninta ya daina tsaya mata a ka ya miƙo kujera. Ta zauna kafaɗa da kafaɗa da Auta, ta ce ta ci gaba, ita za ta riƙa gaya mata abin da za ta tarar.